An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a Gyallesu, ko Tudun Wada, ko cikin birnin Zariya, ya san addu'ar da a kan sallami jama'a da ita: Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Ango da amarya a ke yi wa wannan addu'a, su biyu, ba a ware ɗaya. Amma in shekara ta kewayo, ta biyu ta bi bayanta, ba a ji guɗa ba, ba a raba goron suna ba, sai a ga abin da aka roƙa wa mutum biyu ya koma bashi a wuyan mutum ɗaya. Matar a ke bi da kallo, ita a ke yi wa jaje, ita a ke yi wa habaici, ita kuma a ke ɗura wa magani. Maigida kuwa yana zaure abinsa, ba mai tambayarsa, shi ma bai tambayi kansa ba. Wannan al'ada zalunci ce ga mata, cuta ce kuma ga mazan kansu, lokaci ya yi da za a tsaya a dube ta.

A ɗauki misalin wani magidanci a unguwar. Ya shekara shida da aure, ɗaki shiru. Cikin shekarun nan matarsa ta sha rubutu, ta sha jiƙo, ta sha saiwoyi masu ɗacin da ko akuya ba ta kusanta, an yi mata hayaƙi, an kai ta wurin boka, ta kuma bi layin asibiti har ma'aikata sun san fuskarta. Rannan uwarsa ta kira shi ɗakinta, ta ce, "Kai, gidan nan ya yi shiru da yawa. Ka ƙara aure, watakila rabonka yana jikin wata." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Aka kawo amarya da kiɗa da guɗa. Ita ma ta shekara uku, shiru. Uwargida kuwa da gori ya ishe ta sai ta nemi takardarta, ta gama idda, ta yi wani aure. Kafin damina biyu sai ga ta ta wuce ta ƙofar zauren da goyo a baya. Unguwa duka ta yi lissafin a zuci, ba wanda ya furta. Irin wannan labari ba ya bukatar suna, gama da wuya a sami unguwar da ba ta da nata.

Ko harshen da a ke magana da shi ya ɗauki ɓangare. Macen da ba ta haihu ba sunayenta suna nan a shirye: a ce juya, a ce bakarariya, wadda kuwa ta ke haihuwa 'ya'yan suna mutuwa a ce mai wabi. Namijin da bai haihu ba fa? Sai a daɗe ana lalube ba a sami kalmar da aka saba jifansa da ita ba. Abin da jama'a ba su raɗa wa suna ba kuwa, ba su shirya ganinsa ba ke nan.

To, me masana su ka gano? A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa akwai matsalar haihuwa in ma'aurata sun cika wata 12 suna saduwa yadda aka saba, ba tare da wani maganin hana ɗaukar ciki ba, amma ciki bai samu ba. A rahoton da hukumar ta fitar a shekarar 2023 ta ce wajen mutum 1 cikin kowane baligi 6 a duniya ya kan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ƙasashe masu arziki da matalauta kusan kunnen doki su ke. Likitoci kuma sun daɗe da tabbatar da cewa in aka tara ma'auratan da ba su sami haihuwa ba aka bincika, wajen rabinsu akwai hannun namiji cikin dalilin, ko dai shi kaɗai, ko tare da matarsa. Wani lokaci daga matar ne, wannan gaskiya ce, wani lokaci kuma a bincika duka biyun ba a ga kome ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma in rabi na nan, rabi na can, da wane dalili a ke ɗora kayan duka a kan mace?

Tushen kuskuren shi ne maza sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, watau ƙarfin kusantar iyali da ikon haihuwa. In aka ce wa mutum ya je a duba shi, amsar da ya kan bayar ita ce, "Ni lafiyata ƙalau, a tambayi iyalina." Da gaskiyarsa ta fuskar da ya ke nufi, sai dai ba abin da aka tambaye shi ke nan ba. Abin da ke sa ciki waɗansu ƙwayoyi ne ƙanana masu rai da ke iyo cikin maniyyi, ido ba ya ganinsu. Wani mutumin Holan, Antoni van Leeuwenhoek, shi ya fara bayyana su a 1677 da ya dube su da madubin ƙara girman abu. A littafin awon maniyyi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2021, ana so a sami aƙalla ƙwaya miliyan 16 cikin mililita ɗaya, watau kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi, kuma a ga kashi mai kyau daga cikinsu suna motsi. Mutum yana iya zama ƙaƙƙarfa, mai cika ido, mai biya wa mata huɗu bukata, amma a ɗiga ruwansa ƙarƙashin madubin likita a tarar ƙwayoyin kaɗan ne, ko raunana ne, ko babu ko ɗaya. Kauri ko yawan ruwan ba ya nuna kome, haka nan yawan 'ya'yan ubansa ba shaida ba ne a kansa.

Abin mamaki, mutanen ƙasar Zazzau ba baƙin wannan hikima ba ne in ana maganar gona da garke. Manomin da ya shuka gero bai tsiro ba, ya sake shukawa a wata gona nan ma bai tsiro ba, ba zai tafi neman gona ta uku ba, irin zai duba. Tun 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, aikinta har da gwada iri kafin a ba manoma. Bafillacen da shanunsa duka su ka ƙi ɗaukar ciki, bijimin zai tuhuma. A Shika akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, inda a ke auna ruwan bijimi da madubi kafin a yarda a yi barbara da shi. A Shikan nan dai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya ke, tun da aka tashe shi daga Tudun Wada, maƙwabciyar Gyallesu, a 2005. Ashe hankalin da a ke yi wa gero da saniya ya fi ƙarfin a yi wa 'yar mutane?

Dalilan da kan rage wa namiji ƙwayoyin haihuwa yawancinsu ba abin kunya ba ne, cuta ce kamar kowace cuta. Akwai kumburin jijiyoyin jini da ke kewaye da maraina, wanda ya ke ɗumama su fiye da kima, gama an halicce su a waje ne don su fi sauran jiki sanyi. Akwai hangum in ya kama yaro bayan ya balaga ya sauka ƙasa. Akwai ciwon sanyi da aka yi wa rabin magani, ya lafa a sarari amma ya toshe hanyar da ƙwayoyin ke bi. Akwai tsargiya da yara kan ɗauka wajen wanka a rafi da kududdufi. Akwai yaron da aka haifa marainansa ba su sauko ba, iyaye ba su lura ba sai da ya girma. Ciwon suga, da taba, da ƙwayoyin maye, da ƙiba mai yawa, duk suna da nasu rabon. Har allurar sinadarin mazantaka da waɗansu ke yi don ƙarin ƙarfi, ita kanta tana dakatar da yin ƙwayoyin. Jiki ya kan ɗauki kamar kwana 74 kafin ya gama ƙera su, saboda haka ko zazzaɓi mai zafi yana iya rage su har wata uku. Shi ya sa likita ba ya yanke hukunci da awo ɗaya, sai ya maimaita. Wanda ma ya taɓa haihuwa da ƙuruciya, cuta tana iya samunsa daga baya.

Kada a zaci mazan da ke cikin wannan hali ba abin da ya dame su. Labarin zuciya a tambayi fuska. Mutum ne da ya halarci sunan 'ya'yan ƙannensa duka, ya ci naman ragon, ya ce Allah ya raya, ya koma gida ya kwanta ido biyu. In ana hira a majalisa aka zo kan maganar makaranta da kaciya da aurar da 'ya, sai ya shiga gyaran hula. Tsaransa ana kiransu baban wane, shi har ya yi furfura ana kiransa da sunan yanka. Yana tunanin wa zai gaji gidan, wa zai yi masa addu'a bayan an rufe shi. Da yawansu kuma, tun ba waɗanda su ka jera aure biyu ko uku ba, a ransu sun riga sun zargi kansu. Abin da ke hana su zuwa awo tsoro ne, tsoron takardar da za ta tabbatar da zargin, da tsoron bakin abokai. Mace tana da inda za ta kai kukanta, ga uwa, ga ƙawa, ga ungozoma. Wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda Baturiya Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, ta kuma faɗi haka da bakinta, duniya ta karanta. Namiji kuwa ko amininsa ba ya iya gaya wa, gama ya san in maganar ta fita, gobe a majalisa ta zama abin ba'a. Maza ne su ka gina wa junansu wannan kurkuku. Alhali son ɗa da kuka a kan rashinsa ba gazawa ba ce, Annabi Zakariyya ma ya kai irin wannan kuka ga Ubangijinsa bayan ya tsufa.

Wannan ba halin Hausawa kaɗai ba ne. Wata masaniya 'yar Amurka, Marcia Inhorn, ta shafe shekaru tana bincike a Masar da Lebanon, ta tarar da mata masu ɗaukar laifin a kansu da saninsu, don su rufa wa mazajensu asiri. A nan ma akwai irinsu, matan da likita ya riga ya gaya musu gaskiya, amma su ke haɗiye gorin dangin miji ba su ce uffan ba. Namijin da ya bar mace ta riƙa shan zagi a madadinsa, ya auna da kansa ya gani ko abin da ya ke karewa ya cancanci a kira shi mazantaka.

Shirun nan kuwa yana da farashi, mace ce ke biya. Tana biya da jikinta. Wani likita, F. Tahzib, ya bincika mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin jami'a na Zariya daga 1969 zuwa 1980, ya buga sakamakon a 1983. Ya tarar kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo musu, rashin haihuwa kuwa yana cikin dalilan da a kan yi wa mace wannan yanka. Tana biya da shekarunta, gama ƙarfin haihuwar mace ya kan fara ja da baya sosai in ta haura shekara 35, duk shekarar da miji ya ɓata yana noƙewa daga rabonta aka cire. Ko a asibiti, binciken mace ya fi wuya, ya fi tsada: ga awon jini, ga hoton ciki, ga hoton da a ke ɗura ruwa cikin mahaifa don a ga ko hanyoyin a buɗe su ke, mai ciwo ƙwarai. Binciken namiji kuwa ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da ruwa a ɗan kwalba, shi ke nan. Ba allura, ba wuƙa. Hankali ya ce a fara da mai sauƙi da araha.

Masu kāre al'ada suna da hujjoji, ya kamata a saurare su. Ta farko su ce haihuwa ta Allah ce. Babu musu. Amma aya ta 50 ta Suratush Shura, wadda a kan jawo wajen ba marasa haihuwa haƙuri, ba ta ware mace ba, kalmar da ta zo cikinta ta haɗa namiji da mace. In kuwa ƙaddara ta hana neman magani, don me a ke ɗura wa matar jiƙo shekara da shekaru? Ba ya yiwuwa ƙaddara ta zama hujjar zaman miji, ta kuma zama hujjar wahalar mata.

Ta biyu su ce abin da kunya, mutum da girmansa ya kai irin wannan ruwa gaban ma'aikaci. Lalura ce, likitoci kuma sun san hanyar da za a bi a same shi ta wajen iyalinsa, a kai ɗakin awo cikin sa'a guda. Matar da aka kwantar a gadon asibiti sau biyar ana dubanta, ita ba ta da kunyar ne? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta uku su ce ai shari'a ta halatta ƙarin aure, in ta farko ba ta haihu ba sai a gwada ta biyu. Halaccin ƙarin aure ba shi a ke jayayya a kai ba. Abin tambaya shi ne, ya dace a mai da 'yar mutane abin gwaji, a ci ƙuruciyarta shekara uku ko biyar, don a gano abin da ɗan kwalba zai nuna cikin yini ɗaya? Kuɗin lefe kaɗai ya isa a yi awon sau da yawa har a sami canji. Malaman fiƙihu ma sun bambanta al'amuran nan tun da daɗewa. A Risala, wadda a ke karantawa a zaurukan Zariya, wanda ya kāsa kusantar matarsa a kan ba shi wa'adin shekara guda, wannan hukunci dabam ne, bai shafi rashin haihuwa ba. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji labarin wani mutum da ba ya haihuwa ya auri mace bai gaya mata ba, sai ya umurce shi ya koma ya sanar da ita, ya ba ta zaɓi. Mace ma tana da hakki ga samun ɗa. Wanda ya sani ya ɓoye, ya yi algus cikin abin da ya fi kowane ciniki nauyi.

Akwai kuma waɗanda ke cin abinci da wannan tsoro, watau masu tallar maganin maza da lasifika a bakin kasuwa da tashar mota, da 'yan'uwansu na rediyo da wayar hannu. Kome aka kawo musu sai su ce basir ne ko sanyi, kwalba ɗaya ta warkar da duka. Ba su auna kowa ba, ba su da abin aunawa. Su ne ke ƙarfafa wa maza cewa ƙarfi shi ne haihuwa, gama ƙarfin su ke sayarwa. Mutum ya yi ta zuba kuɗi, shekaru na wucewa, tsugune ba ta ƙare ba.

Wanda ya daure ya je awo, me zai samu? In ciwon sanyi ne a yi masa magani tare da iyalinsa. In kumburin jijiya ne akwai ƙaramar tiyata. In ƙarancin sinadari ne akwai magani, in taba ce ko ƙwaya ya bari. In abin ya wuce nan, akwai hanyar haɗa ƙwan mace da ƙwayar mijinta a ɗakin gwaji sa'an nan a mayar cikin mahaifa. Ta wannan hanya aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978, a 1992 kuma likitoci a Beljiyam su ka gano yadda za a tsinci ƙwaya ɗaya tak a soka ta cikin ƙwan, abin da ya buɗe ƙofa ga mazan da ƙwayoyinsu kaɗan ne. A Abuja, Dokta Ibrahim Wada ya yi nasarar irin wannan aiki a 1998. Tun 1980 Shaihu Jadul Haƙƙ, muftin Masar na lokacin, ya ba da fatawar halaccinsa in dai tsakanin miji da matarsa ne, ba a shigo da ruwan wani ko ƙwan wata ba. Sai dai aikin yana da tsadar da ta fi ƙarfin yawancin mutane, kuma ba kullum a ke dacewa ba. Akwai wanda za a ce masa babu magani. Ko shi ma ya ci riba, gama ya huta da bokaye, ya sauke wa matarsa laifin da ba nata ba, su zauna su yi shawara da idonsu a buɗe, ko ta zauna da yardarta, ko a rabu da mutunci. Ƙofar riƙo kuma ba a rufe ta ba, ɗa na kowa ne. Baba ta Karo 'ya'yan riƙo ta rena, ta tsufa a cikinsu.

Abin da a ke nema ba shi da yawa. In aure ya cika shekara ba labari, miji da mata su tafi asibiti tare, awon miji ya zama na farko. Uwar da ta ƙagara ta ga jika, kafin ta ce wa ɗanta ya ƙara aure ta fara ce masa ya je a duba shi. Waliyyin da aka zo neman 'yarsa don ta farko ba ta haihu ba, yana da ikon tambaya ko mai neman ya yi awo. Limamai da masu wa'azi su ambaci maganar a fili kamar yadda su ke ambaton sauran hakkokin aure. 'Yan majalisa kuma su kama bakinsu, gama ba'arsu ce ta ke hana abokinsu neman lafiya, wanda ke dariyar ma bai san abin da madubi zai nuna a kansa ba. Laifi tudu ne, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani.

Daga Gyallesu zuwa Shika tafiya ce da a ke yi a dawo kafin azahar. Magidancin da ya yi ta bai rage kome daga girmansa ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya ƙi kuwa, ya ci gaba da canza gona alhali bai duba irin da ke cikin buhunsa ba, ya sani hakkin kowace mace da ta tsufa a ɗakinsa tana amsa sunan juya yana wuyansa, za a kuma tambaye shi. Allah ya ba masu nema, ya sa gaskiya ta fi kunya ƙarfi a zukatan maza.